Wa ya tuna da Dwamena? Ranar Habasha a filin Baba Yara

Dan_Aboabo9:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare muna shan ataya a fadarmu, yaran nan suka ɗauko gardama, wai tun da Asamoah Gyan ya rataye takalmi Gana ba ta sake samun mai lamba tara na gaske ba. Na ce musu an samu, Allah ne bai nufa ba, na ambaci Raphael Dwamena. Cikin yara bakwai biyu ne suka gane wanda nake nufi, su ma abin da suka sani kawai shi ne "wanda ya faɗi a fili a Albaniya". Abin ya tsaya min a rai.

Ni ina cikin filin Baba Yara ranar Lahadi 11 ga Yuni 2017, da azumi a bakina. Wasan neman shiga Kofin Afirka ne, muka yi wa Habasha 5 da nema. Ranar ce ya fara sa rigar Black Stars, ƙungiyar ƙasar Gana, kuma ya zura biyu. Dogo ne, bahago, ba shi da hayaniya, amma in ya juya wa mai tsaron baya sai dai ya bi shi da ido. Maƙogwarona ya bushe ƙayau saboda ihu, na koma gida ina addu'ar a kira magariba.

Maganata ita ce: da ba don ciwon zuciya ba, shi ne magajin Gyan. Kuma an manta da shi ne don yawancin ƙwallonsa a ƙananan rukunai ya buga ta, inda kyamara ba ta cika zuwa ba. Wa ya tuna da shi?

Fabu_Asawase:
Wa alaikumus salam. Ni ma ina wurin, ɓangaren da rana ke dukan mutum a goshi. Gyan ne ya buɗe da ka, ƙwallonsa ta 50 ke nan a Black Stars. John Boye ya ƙara, Ebenezer Ofori ya ɗirka wata daga nesa kafin hutu. Na Dwamena duka biyun bayan an dawo ne. Wasan farko na koci Kwesi Appiah ke nan da ya dawo karo na biyu.

Phobia_Nima:
Mutanen Kumasi kun fara. Ƙwallo biyu a ragar Habasha shi ne gadon Gyan? Ku gaya min wadda ya sake ci wa Gana bayan ranar. Babu. Ya je Levante a 2018, babban rukunin Sifen, benci ya fi ɗumamawa. Ina tausayinsa ƙwarai, amma tausayi daban, lissafi daban.

Dan_Aboabo9:
@Phobia_Nima ɗan'uwa, da ya je Levante ai an riga an gano ciwon. Mutumin da aka ce masa zuciyarka na iya tsayawa kana gudu, kana so ya yi gudu kamar da?

Boga_Stuttgart:
Bari in sa baki, don ni na ga mutumin kafin ku gan shi. A 2016 ina aiki a wani gari kusa da tafkin Konstanz, wani abokina ɗan Tafo ya ce akwai wani yaron Nkawkaw da ke ruwan ƙwallaye a Austria Lustenau, rukuni na biyu na Ostiriya, mu je mu gani. Lustenau ƙaramin gari ne a bakin iyakar Suwizalan, filin nasu ko kwatar Baba Yara bai kai ba. Sanyi kamar ya cire wa mutum kunne. Amma da yaron nan ya taɓa ƙwallo sai ka ji tsofaffin Turawa sun miƙe da kofin giyarsu suna kiran sunansa, ba su ma iya faɗinsa daidai ba. Ƙwallo 18 ya ci a wasa 20 na lig, rabin kaka kawai. A Janairun 2017 FC Zürich ta ɗauke shi, lokacin su ma sun faɗo rukuni na biyu na Suwizalan, ya taimaka suka hau a kakar.

Da aka tashi mun tsaya a bakin waya, abokina ya yi masa magana da Asanti. Ya juyo da sauri kamar wanda ya ji muryar gida, ya zo ya gaishe mu hannu bibbiyu, ya tambaye mu ko muna samun aiki lafiya. Shi ke tambayarmu fa. Hoton na tsohuwar wayata, in na tono zan saka.

Fabu_Asawase:
Abin da na fi tunawa a wasan Habashan ma rigimar ƙyallen kyaftin ce. Gyan ya ɗaura nasa na musamman mai hotonsa a jiki, da aka canza shi ya fita da abinsa, sai da aka nemo wa Dede Ayew wani. Sati guda gidajen rediyo ba su da zance sai wannan. Yaron da ya ci biyu a ranarsa ta farko, maganarsa ta bi ruwa.

Maman_Sadiya:
Ku maza dai da ƙyalle. Ni ban san ƙwallo ba, amma na ga bidiyon faɗuwarsa sau ɗaya, ban sake iya kallo ba. Don Allah kar wanda ya saka shi a nan. Yana da dangi.

Admin_Alabar:
An ji, Hajiya. Duk wanda ya saka bidiyon zan goge.

Sista_Rabi:
Tunda an taɓo ɓangarena, ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in yi bayani kaɗan don na ga ana cakuɗa abubuwa a wasu wurare.

A Agustan 2017 Brighton, da ta hau Firimiyar Ingila a shekarar, ta daidaita da Zürich za ta saye shi. A gwajin lafiya aka ga matsala a zuciyarsa, cinikin ya wargaje. Ya ci gaba da wasa. A 2019 yana zaman aro a Zaragoza likitoci suka dakatar da shi, a farkon 2020 aka dasa masa na'ura. 'Yar ƙarama ce, ana sa ta ƙarƙashin fata a ƙirji, da waya da ke sauraron bugun zuciya dare da rana. In bugun ya rikice, wato zuciya ta koma karkarwa maimakon tura jini, sai na'urar ta ba ta wutar lantarki nan take ta dawo daidai. Ba ta warkar da ciwon. Mai gadi ce kawai.

Kuma ta yi aikinta. A Oktoban 2021 yana Blau-Weiss Linz ya faɗi a wasan kofi da Hartberg, na'urar ta buga, ya farfaɗo. Bayan nan ne ya sa aka cire ta. Ranar 11 ga Nuwamba 2023, a wasan ƙungiyarsa Egnatia da Partizani a Albaniya, ba a kai rabin sa'a da farawa ba ya faɗi, bai tashi ba. Shekararsa 28.

Phobia_Nima:
To kun ji. Abin da ya ceci ransa ya sa aka cire. Ni wannan ne ban gane ba har gobe. Eriksen na Denmak ya faɗi a gasar Turai a 2021, aka sa masa irin na'urar, Italiya ta ce dokarta ba ta yarda a buga da ita ba, ya bar Inter ya tafi Brentford, daga nan Manchester United. Da na'urarsa a ƙirji ya je Kofin Duniya.

Ustaz_Sawaba:
An ruwaito ya gaya wa wata jaridar Suwizalan cewa in ya mutu nufin Allah ne. Kirista ne mai riƙo da addininsa sosai, kuma ba mu zo nan don yi masa hisabi ba. Ajali in ya zo babu na'urar da ke tare shi, wannan gaskiya ne. Amma mu a namu karatun, wanda ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Neman magani ba raunin imani ba ne. Ina faɗin haka ne don samarinmu da ke karantawa, ba don wanda ya riga ya tafi ba. Allah ya ba iyalansa haƙuri.

Dan_Magazine:
Malam, Allah ya saka da alheri, amma ku bar ni in faɗi wani abu da bakin talaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Eriksen in ya daina ƙwallo ranar da ya faɗi, jikokinsa ba za su ji yunwa ba. Wannan yaro tun yana ƙarami aka kai shi makarantar ƙwallon Red Bull a Sogakope, ba a koya masa kanikanci ba, ba a koya masa ɗinki ba. Ƙwallo ita ce gonarsa. Likita ya ce ka daina, to ka koma ina? Nkawkaw, ka zauna a ƙofar gida ana nuna ka da baki, "ga wanda ya kusa zuwa Ingila"? Ku dubi inda ya bi: Denmak suka dakatar da shi, Ostiriya suka sallame shi, ya sauka har Old Boys ta Basel, rukuni na biyar a Suwizalan, inda 'yan wasa ke tashi daga aiki su zo atisaye da yamma. Mutumin da ya buga da Gyan! Wanda ya yarda ya sauka har can, ba taurin kai kaɗai ke tura shi ba.

Sista_Rabi:
@Dan_Magazine na fahimce ka, wallahi. Kullum ina ganin irin wannan a wurin aiki, direban tirotiro da hawan jini ya kusa kayarwa ka ce ya huta wata guda ya ce wa zai ciyar da yara. Amma cire na'urar ba shi da alaƙa da neman abinci. Nan ne zuciyata ke karyewa.

Dan_Magazine:
Sista, ke kin taɓa jin yadda wutar take in ta buga? Ni wutar batirin mota ta taɓa jefar da ni, kwana biyu hannuna na rawa. Mutum ya san yana ɗauke da abin da zai iya yi masa haka a gaban jama'a ko yaushe. Ban ce ya yi daidai ba. Na ce ban isa in zage shi ba.

Alhaji_Yalwa:
'Ya'yana, sannunku da hira. Jikana ne ke rubuta min. Filin da kuke ta ambata, kun san mai sunan? Baba Yara, Usman Seidu, ɗan Zangon nan ne. Ya yi Kotoko, aka ɗauke shi zuwa Real Republikans ta zamanin Nkrumah. A 1963 suna dawowa daga wasa motarsu ta yi hatsari a Kpeve, ya samu rauni a ƙashin baya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. An kai shi Ingila an dawo da shi. Ya rasu a 1969. Ina yaro mahaifina in ya fara labarin gudunsa a gefen dama sai ya miƙe tsaye da carbi a hannu yana kwatantawa. Shi an sa wa fili sunansa, shi ya sa kuke faɗinsa kullum ko ba ku san shi ba. Waɗanda ba a sa wa komai sunansu ba su suka fi yawa.

Dan_Aboabo9:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Wannan ita ce maganar tawa.

Coach_Colts_Asawase:
Maganar Alhaji ta tuno min da namu na gida. Ba zan faɗi sunansa ba don yana raye kuma mutum ne mai kunya, amma duk wanda ya taso Aboabo ko Akwatia Line a shekarun 2000 ya san wanda nake nufi. Gajere, mai gwame, kullum safa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Rukuni na biyu na jihar Ashanti ya buga rayuwarsa duka, a filin sakora, babu ciyawa ko ta magani. Da safe yana ƙarƙashin mota a Magazine, unguwar makanikai, ƙarfe uku ya wanke hannu da fetur ya hau tirotiro da takalminsa a leda.

Akwai wasan ƙarshe na gasar Sallah da ba zan manta ba. Ana cin mu ɗaya, saura kaɗan a tashi, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin gola na can gefe. Aka bugo kwana, ƙattin bayansu biyu suka tashi, shi da bai kai kafaɗarsu ba ya sulale ta gabansu ya goga mata ƙeya ta shige. Minti biyu bayan nan ya ƙwace ƙwallo a ƙafar mai tsaron baya, ya yi kamar zai ɗirka, gola ya kwanta, ya tura ta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Mata masu sayar da koko suka bar tukwanensu suka shigo fili. An ɗauke shi a kafaɗa har ƙofar gidansu, mahaifiyarsa ta fito a firgice ta ɗauka gawa aka kawo mata.

Ladan ranar: rago ɗaya na ƙungiya duka, da kuɗin da jama'a suka liƙa masa a goshi.

Fabu_Asawase:
Hahaha na gane shi! Mai safa ɗaya! Wallahi ya taɓa cin mu uku shi kaɗai, kocinmu ya rantse asiri ne, ya sa aka tona bakin raga ana neman laya.

Aisha_Tafo:
Kawuna ne ya yi gola a wasan da Coach ke faɗi. Har yau in aka ambata sai ya ce rana ce ta shiga idonsa. Wasan da aka tashi dab da magariba.

Phobia_Nima:
To in ya kai haka me ya hana shi hawa sama? Ƙungiyar King Faisal na nan a unguwarku, mai ita Alhaji Grusah ba ya barin yaro mai ƙafa ya wuce shi. Ibrahim Tanko daga hannunsa ya tafi Dortmund.

Coach_Colts_Asawase:
Gwiwa. Wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji, ba zan ce wacce ba. Sati biyu kafin ranar wani ya shigo masa ta baya a wasan da ba a bakin komai ba. Babu hoto, babu asibiti, mai ɗori aka kai shi, aka ɗaure da kara aka shafa man kaɗanya. Jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke, mai ɗori ƙashi ya sani. Ya je gwajin yana ɗingishi, minti ashirin aka ce ya fito. Masu ƙungiyarmu da suka yi alkawarin ɗaukar nauyin magani, bayan wata ɗaya sun daina ɗaga waya. Ya ƙara buga shekaru da gwiwar haka nan, yana naɗe ta da bandeji, yana ci kuma. Yanzu ko ruku'u sai a kan kujera.

Shi ya sa da na ji labarin Dwamena ban yi mamaki ba. Ɗan gaba ba ya jin "daina". Na sha gaya wa yaro ka zauna yau ƙafarka ta kumbura, in juya baya in gan shi ya sa riga.

Sista_Rabi:
Coach, tambaya tsakani da Allah. Cikin yaranka nawa aka taɓa yi wa awon bugun zuciya?

Coach_Colts_Asawase:
Ko ɗaya, Sista. Ƙwallayen atisaye ma da kuɗin aljihuna nake saye.

Sista_Rabi:
Ban zarge ka ba. To ga abin da ba ya cin ko sidi ɗaya. Yaron da ya taɓa suma yana cikin gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji, ko zuciyarsa ke bugawa ba ƙa'ida, ko a gidansu wani ya taɓa mutuwar fuju'a da ƙuruciya, kar ya sake buga wasa sai likita ya duba shi. Kuma in ɗan wasa ya faɗi ba wanda ya taɓa shi, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, ku ɗauka zuciya ce. Ba ruwa ake zuba masa ba, ba fifita ba, ba cusa cokali a baki ba. A kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kar a tsaya. Wani ya kira 112. Fabrice Muamba na Bolton zuciyarsa ta tsaya minti 78 a 2012, yana raye yau saboda an fara dannawa nan take ba a daina ba. Ka tara min yaranka da masu taimaka maka wata Asabar, zan zo da 'yar tsanar koyarwa.

Boga_Stuttgart:
Foé a 2003, Tioté a 2017, sati ɗaya ma bai cika ba kafin wasan Habashan nan. Okwaraji na Najeriya tun 1989. Duk suna cikin ƙwallo suka faɗi suka rasu. Mu dai muna gani muna cewa Allah ya kyauta.

Yaro_Kudus10:
Ni ina cikin yaran da Yaya Dan_Aboabo9 ya faɗa. Gaskiya ban san duk wannan ba. 2017 ina aji huɗu na firamare. Yanzu na je na kalli ƙwallayensa na Zürich, ƙafar hagun nan ba wasa. Amma Yaya, har yanzu ban yarda ya kai Gyan ba.

Dan_Aboabo9:
Ƙanena, ban ce ya kai ba, na ce da zai gaje shi. Ka je ka duba abin da ya yi a Albaniya da rabin lafiya: ya ci kofin ƙasar da Egnatia a 2023, kuma ranar da ya faɗi shi ke kan gaba a cin ƙwallaye a lig ɗin. Ƙungiyar ƙaramin gari ce, Rrogozhinë, ba su taɓa ɗaukar lig ba. A ƙarshen kakar da ya rasu a cikinta suka ɗauka.

Phobia_Nima:
Wannan na Albaniya ban sani ba, na karɓa. Amma ina nan kan bakata, "da" ba ta cin ƙwallo. Kowace unguwa tana da nata "da ba don gwiwa ba". Nima ma muna da su cike da tirotiro. 2023 dai ba ta yi mana daɗi ba, Christian Atsu ya rasu a girgizar ƙasar Turkiyya a Fabrairu, wannan a Nuwamba.

Fabu_Asawase:
King Faisal ma a shekarar ta faɗo daga Firimiya zuwa rukuni na ƙasa, ta kuma sha kashi a wasan ƙarshe na kofin FA a hannun Dreams. Zango ba mu ga da kyau ba.

Dan_Magazine:
Mai safa ɗayan da Coach ya faɗa, layinmu ɗaya a Magazine, rumfarsa ta huɗu daga tawa. Ɗazu na karanta masa abin da aka rubuta. Ya yi dariya har ya share ido da gefen riga, ya ce a gaya wa Coach ba da ƙeya ya ci ta farkon ba, da kunne ne, kwana uku yana jin ƙara. Ya kuma ce a gaishe da kawun Aisha.

Aisha_Tafo:
Zan isar. Zai ce rana ce.

Coach_Colts_Asawase:
Sista Rabi, Asabar mai zuwa muna da wasa. Ta sama, bayan la'asar, in Allah ya kai mu. @Dan_Magazine ka taho mana da shi, ko a bayan babur ne, yaran su gan shi.

Boga_Stuttgart:
Na samo tsohuwar wayar, caja ce babu. Wa ke da irin mai faɗin bakin nan na da?